Ƙarfe biyu na rana a kan Everest: ranar da ta ci mutum takwas

Ranar 3 ga Mayun 1996 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Göran Kropp ya yi abin da masu hawan tsauni ke yabawa da baki amma ba kasafai suke aikatawa ba. Tun watan Oktoban 1995 ya baro gida a kan keke, kayansa ɗaure a baya, ya keta ƙasa bayan ƙasa har ya iso Nepal. Ya kama hawan Everest shi kaɗai, babu tukunyar oksijin a bayansa. Wajen ƙarfe 2 na rana, saura masa abin da bai fi mita 100 ba ya taka ƙololuwa, sai ya duba agogo, ya auna ƙarfin da ya rage a jikinsa, ya juya ya sauko. Tafiyar watanni, ga abin da ya zo nema yana kallonsa, ya ba shi baya.

Rob Hall, madugun ɗaya daga cikin ayarin da ke tsaunin a lokacin, ya ga saukowarsa, ya kuma yaba masa a gaban mutanensa. Abin da ya faɗa musu shi ne, juyowar nan ta fi burge shi fiye da a ce Kropp ya ƙarasa, domin kowane mai taurin kai zai iya hawa, gwanintar tana wajen saukowa da rai. Mako guda bayan juyowar Kropp, ƙarfe 4 na yamma ta yi wa Hall ɗin nan a ƙololuwar Everest yana jiran mutum. Bai sauko da rai ba.

Lissafin da ke bayan agogo

Tsayin Everest mita 8,848 ne. A can sama, abin da mutum ke samu na oksijin a kowane numfashi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da yake samu a bakin teku. Daga mita 8,000 zuwa sama masu hawa suna kiran wurin yankin mutuwa, kuma ba zuzutawa ba ce. Jiki ba ya sabawa da wurin, ci yake yi wa kansa. Abinci ba ya narkewa, barci ba ya zuwa, ruwa na iya taruwa a huhu, ƙwaƙwalwa na iya kumbura. Mafi haɗari a cikinsu duka shi ne hankali yana raguwa ba tare da mai shi ya sani ba. Mutum zai yi lissafin da yaron firamare ba zai yi kuskurensa ba, ya kuskure, ya kuma rantse daidai ne.

Masu bi ta ɓangaren Nepal suna kafa zangon ƙarshe, zango na huɗu, a wani fili mai duwatsu da ƙanƙara da ake kira South Col, kimanin mita 7,900. Daga nan zuwa ƙololuwa hawan mita 900 da 'yan kai ne, amma yana cin awa goma sha biyu ko fiye. Tsarin da aka yi a 1996 shi ne kowane mutum yana da tukunyar oksijin uku, kowace tana ɗaukar awa biyar zuwa shida. Wanda ya bar tanti da tsakar dare, iskarsa za ta ƙare tsakanin ƙarfe 4 da 5 na yamma. Daga nan ne dokar juyawa ta samo asali. In lokacin da aka yanke ya yi, ko ina mutum yake, ko da yana jin ƙamshin ƙololuwa, ya juya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A ƙasa ake yanke dokar, lokacin da kai ke aiki, saboda an san a sama kan ba zai yi aiki ba.

Su wa suka hau

Rob Hall ɗan Niyu Zilan ne, shekararsa 35, kamfaninsa Adventure Consultants. Ya taka ƙololuwar sau huɗu kafin wannan shekarar, sau biyu daga ciki a ranar 10 ga Mayu, abin da ya sa yake ganin ranar ta karɓe shi. Tsakanin 1990 da 1995 ya kai mutum 39 sama. Kuɗinsa a lokacin dala 65,000 ne kowane kai, kuma mutane suna biya saboda an san shi da tsari da taka-tsantsan. A 1996 yana da jagorori biyu, Mike Groom da Andy Harris, da mutum takwas da suka biya kuɗi.

Scott Fischer Ba'amurke ne, shekararsa 40, kamfaninsa Mountain Madness. Ƙarfi gare shi kamar doki, ya hau Everest a 1994 ba tare da oksijin ba, amma wannan ne karonsa na farko na jagorantar masu biya a tsaunin. Jagororinsa Neal Beidleman da Anatoli Boukreev na Kazakistan, wanda yake cikin gwanayen hawa na duniya a zamaninsa. Ayari na uku na 'yan Taiwan ne, ƙarƙashin Makalu Gau. Kowane ayari yana tafe da 'yan ƙabilar Sherpa, mutanen yankin, waɗanda su ne ke ɗaukar kaya, su kafa tantuna, su ɗaure igiya.

Hall da Fischer abokai ne, amma kasuwa ɗaya suke ci. A ayarin Hall akwai ɗan jarida Jon Krakauer, wanda mujallar Outside ta turo. A na Fischer akwai Sandy Hill Pittman, attajira daga New York, wadda ke aika labarin tafiyar zuwa intanet. Ko wanne madugu ya san duk abin da ya faru duniya za ta ji. A shekarar da ta gabata kuwa Hall bai kai ko mutum ɗaya daga cikin masu biyansa ƙololuwa ba, domin ya juyar da su da lokaci ya ƙure. Ba zan ce wannan ne ya kashe kowa ba. Amma mutumin da ke yanke shawara da idon 'yan jarida a kansa, ga abokin gasa a gefe, ba daidai yake da wanda ke yanke ta shi kaɗai ba.

Alamu sun riga sun fara fitowa. Wani Sherpa na ayarin Fischer, Ngawang Topche, ruwa ya cika masa huhu tun watan Afrilu, aka sauko da shi, daga baya ya rasu. Fischer da kansa ya yi ta hawa da sauka yana raka marasa lafiya har ya gajiyar da jikinsa a kwanakin da ya kamata ya huta. Ranar 9 ga Mayu da safe wani ɗan ayarin Taiwan, Chen Yu-Nan, ya fito daga tanti a zango na uku ba tare da ƙayoyin ƙarfe a takalminsa ba, santsi ya kwashe shi, ya mutu a ranar.

Yadda aka zubar da safiya

Da yammacin 9 ga Mayu iska ta yi ta dukan tantuna a South Col, sai kuma da dare ta kwanta, taurari suka fito. Wajen tsakar dare mutum sama da 30 daga ayari ukun suka kama hanya, tocilan a goshi, takunkumin oksijin a fuska.

Akwai wuraren da sai an ɗaure igiya a jikin tsauni kafin marasa ƙwarewa su iya wucewa. An shirya cewa shugabannin Sherpa biyu, Ang Dorje na ɓangaren Hall da Lopsang Jangbu na ɓangaren Fischer, za su riga kowa fita su yi wannan aikin. Ba a yi ba. Lopsang, wanda ya ɗauko kaya masu nauyi zuwa zango na huɗu har yana amai, ya shafe awanni yana jan Pittman da gajeriyar igiya. Ang Dorje ya iso gaba amma bai ga abokin aikinsa ba. An yi ta jayayya daga baya a kan dalili, wasu suka ce an samu labarin wani ayari da ya riga su ya ɗaure igiyar. Ko ma mene ne, gari ya waye babu igiya a inda ake buƙatarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a ranar an fafe.

Krakauer ya isa wani ɗan dandamali da ake kira Balcony, kimanin mita 8,400, da ƙarfe 5:30 na asuba, ya zauna fiye da awa guda yana jira, domin Hall ya hana mutanensa yin gaba sai an taru. Sama da nan aka sake tsayawa ana jiran igiya. Aka kuma tsayawa a gindin Hillary Step, wani ɗan gini na dutse da ƙanƙara mai kimanin mita 12, wanda a lokacin mutum ɗaya-ɗaya ake hawa. Sai wajen tsakar rana Boukreev da Beidleman da Harris suka ɗauki igiya suka yi aikin da kansu. Duk wannan zaman da ake yi tukwanen oksijin suna ta tsiyayewa, sanyi kuma yana shiga yatsu.

Akwai wani gibi a dokar kanta. Hall ya sha gaya wa mutanensa cewa lokacin juyawa zai kasance ƙarfe 1 ko ƙarfe 2, amma bai taɓa tsayar da ɗaya ba. Ya bar wa kansa damar duba yanayi a ranar. A ido wannan hikima ce. A aikace kuwa ya mayar da shawarar hannun ƙwaƙwalwar da aka yi dokar don a kauce mata. Ƙari a kan haka, Beidleman da Boukreev, jagororin da ke gaba a ayarin Fischer, ba su da rediyon oba-oba, shi kuma Fischer da ke da ikon cewa a juya yana can baya yana jan ƙafa.

Wajen ƙarfe 11:30 mutum uku daga cikin masu biyan Hall, Stuart Hutchison da John Taske da Lou Kasischke, suka dubi layin da ke gabansu, suka tambayi nawa ya rage, suka ga ba za su isa a kan lokaci ba, suka juya. Wani, Frank Fischbeck, tun da dare ya koma. Kowannensu ya zuba dukiya da makonni shida na wahala. Duka huɗun sun koma gida.

Boukreev ne ya fara taka ƙololuwa, ƙarfe 1 da 'yan mintoci. Zuwa ƙarfe 2, 'yan tsiraru ne kawai suka isa. Babu wanda ya ce a juya. Hall da Groom da Yasuko Namba, ɗaya daga cikin masu biyan Hall, da yawancin mutanen Fischer sun iso bayan ƙarfe 2, aka yi ta ɗaukar hoto da rungumar juna. Beidleman ya daɗe yana jiran madugunsa, sai bayan ƙarfe 3 ya haƙura ya fara sauko da mutane. Fischer ya iso wajen 3:40, a galabaice. A lokacin gajimare ya riga ya cika kwarurukan da ke ƙasa yana hawowa. Wani daga cikin mutanen Fischer, Martin Adams, wanda ya taɓa tuƙa jirgin sama, ya gane cewa kan hadari ne yake gani daga sama. Saura sun ɗauka hazon yamma ne da aka saba.

Alkawari biyu

Nan ne na fi daɗewa duk lokacin da na koma kan wannan lamari, domin mutum biyu da suka fi shiga uku a ayarin Hall ba ganganci ne ya kai su ba.

Doug Hansen ma'aikacin gidan waya ne daga jihar Washington, shekararsa 46. Aiki biyu yake yi, dare da rana, don ya tara kuɗin tafiyar. A 1995 yana cikin waɗanda Hall ya juyar, saura kimanin mita 100. Hall ya ji nauyin abin, ya yi ta kiransa a waya yana lallashinsa ya dawo, ya kuma rage masa kuɗi. A safiyar 10 ga Mayu Kasischke ya ga Hansen ya fita daga layi yana cewa sanyi ya dame shi, zai koma. Hall ya iso, suka yi 'yar magana su biyu, Hansen ya koma layi. Babu wanda ya ji abin da suka faɗa, su biyun kuma ba su dawo sun ba da labari ba.

Hansen ya isa ƙololuwa bayan ƙarfe 4, awa biyu bayan mafi jinkirin lokutan da aka ambata. Hall yana can yana jiransa. Na kan yi tunanin da wane ido Hall zai kalli mutumin da ya lallaso da bakinsa ya ce masa, karo na biyu, juya. Kunya da tausayi ne, kuma a ƙasa halaye ne na kirki. Da suka fara saukowa oksijin ɗin Hansen ya ƙare, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa a saman Hillary Step.

Hall ya kira a rediyo yana neman oksijin. Akwai cikakkun tukwane a ajiye a South Summit, wani ɗan ƙololuwa da ke gabanin babban, ƙasa kaɗan da inda suke. Amma Andy Harris, wanda ke wurin, ya yi ta nanata cewa duk babu komai a cikinsu. Ga alama ƙanƙara ce ta toshe ma'aunin da yake gwada su da shi, ga kuma ƙarancin iska ya taɓa shi. Groom da Krakauer sun nuna masa kuskurensa tun da farko, ya ƙi yarda, su kuma, da yake nasu kan ma ba daidai yake ba, ba su gane cewa jagoran nasu ne ke buƙatar taimako ba. Suka wuce suka bar shi. Daga ƙasa abokan Hall suna roƙonsa a rediyo ya sauko ya ceci ransa. Ya ƙi barin Hansen. Wajen ƙarfe 5:30 aka ga Harris, wanda a ƙarshe ya gane akwai iska a tukwanen, yana hawa zuwa wurinsu shi kaɗai.

Na biyun shi ne Beck Weathers, likita daga Dallas a jihar Texas, shekararsa 49. An taɓa yi masa aikin ido don gyara gani, kuma ƙarancin nauyin iska a can sama ya sa idon ya daina gani sosai. A Balcony ya gaya wa Hall. Hall ya ce ya jira rabin awa, in ganin bai dawo ba kada ya motsa daga nan sai ya dawo ya sauko da shi, ya kuma sa shi ya yi alkawari. Alkawari kaya ne, Weathers ya ɗauka. Da tsakar rana Hutchison da abokansa suka zo wucewa suka ce ya bi su, ya ce ya yi wa Hall alkawari. Haka ya tsaya a wuri ɗaya kusan wuni guda, a mita 8,400, yana jiran mutumin da ba zai dawo ba. Sai da yamma lis Groom ya ɗaure shi da igiya ya fara sauko da shi, hadari kuwa ya riga ya iso.

Dare

Zuwa magariba guguwar dusar ƙanƙara ta rufe tsaunin, iska tana gudun fiye da kilomita 100 a awa. Mutum goma sha ɗaya, ciki har da Beidleman da Groom da Sherpa biyu, sun sauko har filin South Col amma suka kasa ganin tantuna. Filin ba shi da alama, a gefensa na gabas kuma akwai gangaren Kangshung, faɗuwar kusan mita 2,000. Suka yi ta dawurwura cikin duhu har Beidleman ya ji a jikinsa cewa bakin rami suke, ya ce kowa ya tsaya. Suka dunƙule wuri ɗaya, oksijin ya ƙare, suna dukan juna don kada wani ya yi barci. Tsakaninsu da tantuna 'yan ɗaruruwan mitoci ne, tafiyar da ba ta kai ta kwata ɗin awa ba da rana.

Wajen tsakar dare gajimare ya ɗan yaye, Klev Schoening, ɗaya daga cikin masu biyan Fischer, ya ga taurari da inuwar tsauni ya gane inda zango yake. Masu iya tafiya suka lallaba suka isa. Aka bar biyar: Pittman da Charlotte Fox da Tim Madsen wanda ya ƙi barin Fox, duka daga ayarin Fischer, sai Namba da Weathers.

Boukreev yana tanti tun ƙarfe 5 na yamma. Ya hau ba tare da oksijin ba, ya kuma sauko ya riga mutanen da aka ɗauke shi ya kula da su. Wannan ne ya zama babbar rigimar da ta biyo baya. Krakauer ya ce jagora ba ya barin mutanensa a baya, kuma rashin oksijin ne ya sa bai iya tsayawa jira cikin sanyi ba. Boukreev ya ce ya sauko ne da sanin Fischer, don ya huta ya zama a shirye in an buƙaci ceto. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne abin da ya yi a daren. Ya zaga tantuna yana neman mai raka shi, kowa ya zube. Ya fita shi kaɗai cikin guguwa, ya dawo, ya sake fita, har ya kawo Fox da Pittman da Madsen. A ganina duka maganganun biyu suna da gaskiya, kuma ba sa soke juna. Da yana tare da mutanensa da yamma wataƙila ba su ɓata ba. Da kuma ya ɓata tare da su, babu mai fita nemansu. Duk masu biyan Fischer da suka hau a ranar sun rayu. A watan Disambar 1997 ƙungiyar masu hawan tsauni ta Amurka ta karrama shi saboda ceton, kuma a watan ne ƙanƙara ta rufta masa a tsaunin Annapurna na Nepal, ya mutu.

Fischer ya zube a wani ɗan tudu ƙasa da Balcony. Lopsang ya zauna da shi har dare ya yi nisa, sannan ya sauka neman taimako. Makalu Gau ma a nan ƙarfinsa ya ƙare. Washegari Sherpa suka hau, suka tarar Gau yana iya motsi bayan an ba shi oksijin da shayi, Fischer kuwa numfashi kawai yake yi, ba ya amsawa. Suka sauko da wanda za su iya. Boukreev ya isa wurin da daddare ya tarar da gawa.

Da ƙarfe 4:43 na asubahin 11 ga Mayu muryar Hall ta fito a rediyo. Yana South Summit, ya kwana a waje a mita 8,750. Ya ce Hansen ya tafi. Ya ce Harris yana tare da shi da dare amma yanzu ba ya ganinsa. Yana da oksijin, sai dai ƙanƙara ta toshe takunkumin, ya shafe awanni yana kankarewa, hannayensa kuma sun daina aiki. Ang Dorje da Lhakpa Chhiri suka hau don su ɗauko shi, iska ta mayar da su saura 'yan ɗaruruwan mitoci. Da yamma aka haɗa rediyonsa da wayar tauraron ɗan'adam zuwa Christchurch, inda matarsa Jan Arnold take da cikin wata bakwai. Likita ce, kuma ta taɓa taka ƙololuwar tare da shi a 1993, don haka ta san ma'anar inda yake. Ya ce mata ta yi barci, kada ta damu da yawa. Ba a sake jin muryarsa ba.

Abin da shaidu suka rantse a kai

Wani abin da wannan lamari ya nuna ƙarara shi ne yadda shaidar ido ke lalacewa a can sama. Krakauer ya ba da labarin cewa da magariba ya haɗu da Harris dab da zango, sun yi magana, ya kuma ga ya nufi tantuna. A kan haka aka sanar da iyalinsa cewa lafiya lau yake. Da safe ba a gan shi ba, sai Krakauer ya ga sawu a bakin gangare, aka ce ya faɗa ta nan, aka sake sanar da iyali. Bayan makonni, yana hira da Martin Adams a waya, sai ya gano cewa Adams ne ya gani a daren, mutumin da bai kai Harris tsayi ba kuma muryarsu ba ta yi kama ba. Harris bai taɓa saukowa ba. An tsinci gatarinsa na ƙanƙara a kusa da inda Hall ya mutu.

Haka kuma Weathers. Da safiyar 11 ga Mayu Hutchison, wanda likitan zuciya ne, ya je da Sherpa inda aka bar shi da Namba. Ya ɓamɓare ƙanƙara daga fuskokinsu, ya tarar duka biyun suna numfashi da ƙyar. Aka yanke cewa ba za su rayu ba ko an ɗauke su, kuma babu mai ƙarfin ɗaukarsu. Aka bar su. Aka sanar da matar Weathers cewa mijinta ya mutu. Namba, 'yar Japan mai shekara 47 wadda hawan ranar ya cika mata tsaunuka mafi tsayi na nahiyoyi bakwai, ta cika a wurin. Weathers kuwa da sauran shan ruwansa. Wajen ƙarfe 4 na yamma ya farka, ya miƙe, ya fuskanci iska domin ya tuna daga wannan ɓangaren zango yake, ya shigo da ƙafarsa, hannunsa na dama a sandare kamar itace. Aka kwantar da shi a tanti shi kaɗai ana zaton ba zai kai safe ba. Iska ta rushe tantin a kansa, ya kwana yana ihu ba mai ji. Da safe yana nan da ransa.

Sauran ayarin da ke tsaunin suka ajiye nasu shirin. Wani ayarin masu ɗaukar fim na IMAX, fim ɗin babban allo, ƙarƙashin David Breashears suka buɗe ajiyarsu ta oksijin. Pete Athans da Todd Burleson, jagororin wani ayari, suka fara sauko da Weathers. Ranar 13 ga Mayu wani hafsan sojan Nepal, Madan Khatri Chhetri, ya sauke jirgi mai saukar ungulu a kimanin mita 6,000, inda iska ba ta da kaurin da za ta riƙe jirgi yadda ya kamata. Mutum ɗaya kawai zai iya ɗauka. Weathers ya bar wa Gau, wanda ba ya iya taka ƙafa. Matuƙin ya tafi, ya dawo. Weathers ya rasa hannun dama daga ƙasan gwiwar hannu, da yatsun hagu, da hanci.

A ɗaya ɓangaren tsaunin, ta Tibet, guguwar ta ci 'yan sandan kan iyaka na Indiya uku, Tsewang Samanla da Dorje Morup da Tsewang Paljor. Su shida suka fita, uku suka juya da yanayi ya ɓaci, uku suka ci gaba har yamma. Da su adadin ya cika takwas. Babu ranar da ta kai wannan muni a Everest sai a Afrilun 2014, lokacin da ƙanƙara ta rufta wa ma'aikata 'yan Nepal 16 a kan hanyar kai kaya.

Mutane suna son su ce guguwa ce ta kashe su, kuma gaskiya ne da ba ta zo ba da wataƙila kowa ya sauko, a yi ta murna, a manta an karya doka. A shekarun baya an sha isa ƙololuwa a makare a dawo lafiya, kuma kowace irin wannan dawowa tana ƙara wa madugai ƙarfin gwiwar da bai kamata su samu ba. Amma guguwar ba wata baƙuwa ba ce a Everest. Da ta jinkirta da awa biyu, da 'yan South Col sun isa tanti. Da ta zo da wuri da awa biyu, da gawarwakin sun ninka. Awannin da aka zubar a jiran igiya, da waɗanda aka zubar bayan ƙarfe 2, su ne suka ajiye mutane a hanyarta ba iska a tukunya. Daga cikin mutum shida na ayarin Hall da suka taka ƙololuwa, ban da Sherpa, biyu ne suka dawo.

Göran Kropp bai bar tsaunin ba. Ya huta a zangon ƙasa, ya taimaka wajen kai magani sama a kwanakin ceto, sannan ya sake gwadawa. Ranar 23 ga Mayu, ranar da 'yan IMAX suka hau, shi ma ya taka ƙololuwa ba tare da oksijin ba, ta hanyar da gawar Fischer da ta Hall suke kwance. Ya sauko, ya ɗaure kayansa a keke, ya kama hanyar gida. A watan Satumban 2002, yana hawan wani ɗan dutse a jihar Washington da rana tsaka, ƙarafan da ya maƙala a jikin dutsen suka zare, ya faɗo daga tsayin kimanin mita 18 ya mutu nan take.